Ɗakin da Ba Ya Cikin Taswira

Gayaza,
9 ga Fabrairu

Zuwa ga aminiyata Yozefina Nassolo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da jikoki da duk mutanen Kalisizo. Yaya gwiwa? Kina shafa man da na bar miki, ko kin ajiye shi a taga kina jira ya shafa kansa? Ni dai lafiya lau, sai abin da kika sani.

Za ki ce me ya hana ni bugo waya. Na bugo sau biyu. Ina cewa na iso, kina tambayata wa ya rasu. Shi ya sa na koma ga biro, zan riƙa ba direban motar haya yana ajiye miki a shagon Kayemba. In kin ga rubutun ya karkace, ba koyarwar shekara talatin da ɗaya na manta ba, hannun ne. Tun ranar da tukunyar matoke, dafaffiyar ayabar nan, ta suɓuce min a gabanki bai daina rawa ba. Likitan nan ya ce ciwon jijiya ne, ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa shi da magani, kuma kada in ƙara zama ni kaɗai. Wannan maganar ce ta sa Nanyonjo ta tattaro ni.

To ga ni wurin 'yata, amma ba a gidanta nake kwana ba, kin kuwa san dalili, al'adarmu ce ta kunyar suruki. Shekara goma sha ɗaya da aurensu, ban taɓa kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da mijinta ba, ba kuma yanzu da furfura zan fara ba. Shi ma ya san abin da ya kamata. In ya ji takuna a tsakar gida sai ya koma ciki, ya gaishe ni ta bayan ƙofa. Mutumin kirki ne Ssebuliba, a takarda dai ina iya rubuta sunansa. Tun kafin in zo ya sauke bulo da yashi a bayan gida, zai gina min ɗaki ɗaya da banɗaki, rufina daban, ƙofata daban, taku goma sha biyu daga ɗakin girkin Nanyonjo. Da ƙafata na auna.

Ranar da magina suka ja igiya za su fara haƙa, sai ga shugaban mazauna unguwar, wani tsoho mai suna Okurut wanda ya yi ritaya daga aikin awon ƙasa, da takarda naɗe a hammata. Ya shimfiɗa ta a kan bulon. Ashe unguwar nan tasu, gida talatin da biyu cikin katanga ɗaya, tana da taswira wadda hukumar tsara gari ta buga wa hatimi tun kafin a sayar da fili na farko. An zana hanya, an zana magudanar ruwa da filin wasan yara, an zana gida ɗaya a kowane fili. Ɗaya tak. Wanda ya ƙara gini ba tare da an gyara taswirar ba, za a zo a shafa masa jan fenti a bango, bayan kwana kaɗan a rushe. Magina suka naɗe igiyarsu suka tafi.

Na tambayi Nanyonjo, filin nan ba da guminku kuka saya ba? Ta ce nasu ne, takardar ma da sunansu. Na ce to ni da na ga ɗakin awakina ya yi kaɗan, wa na je na tambaya? Ta yi dariya, ta ce a nan ƙasar taka ce, amma zanen ba naka ba ne. Har yanzu ban gane wannan lissafin ba.

Kafin a samo izini sun kama min ɗaki a wajen katanga, bayan shagon wani kafinta. Da safe ina jin motar surukina ta wuce sai in ɗauki sandata in shiga unguwar, mai gadi har ya daina tambayata wurin wa na zo. In yini tare da jikata Birungi, ta shiga shekara huɗu yanzu, bakinta ba ya hutawa. Ƙarfe biyar da rabi in tattara in fito. Sun ce wata biyu ne, kwamiti zai zauna.

Ki riƙa leƙa min bishiyoyin kofi, kada yaran Kayemba su mai da su nasu. Ki gaishe da Fada na cocinmu, da matan ƙungiyarmu ta ranar Alhamis.

Taki har kullum,
Perepetwa Nambalirwa

Gayaza,
20 ga Afrilu

Yozefina ƙawata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta yara, takardarki ta iso, na karanta ta sau uku. Na ji ƙanƙara ta yi muku ɓarna a ayaba, Allah ya mayar da alheri. Wake da gyaɗar da kika aiko sun zo, amma jakar ta huje, direban ya ci rabonsa.

Wata biyun sun cika, ba a ma kai takardarmu gaban kwamiti ba. Sai maƙwabta sun sa hannu tukuna cewa ba su da ja. Nanyonjo da mijinta suna fita tun safe, ni kuwa me nake yi? Na ce a ba ni takardar. Na sa gomesina, doguwar rigar nan mai ruwan toka, na ɗaura ɗamara kamar mai zuwa biki, na fara bi ƙofa ƙofa.

Yozefina, ban taɓa ganin wurin da mutane suka yi yawa kuma babu kowa irin wannan ba. Kowane gida ƙofar ƙarfe ce mai 'yar taga. Ki buga, ki jira, taga ta buɗe, ido ɗaya ya fito, a ce miki masu gidan ba sa nan. Gida tara ma babu wanda ya taɓa kwana a ciki, masu su suna ƙasashen waje, ciyawa ta kai gwiwa a tsakar gida. Ɗakuna huɗu huɗu a kulle, ni kuma ina yawo ina roƙon ɗaya. A sati uku mutum biyu ne suka ce in shigo in zauna.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Okurut ɗin nan da ya tsayar da ginin. Na je masa da fushina, sai na tarar da tsoho shi kaɗai yana shan shayi a ƙarƙashin mangwaro, matarsa ta rasu bara. Ya jawo min kujera, ya ce, "Mama, zauna ki zage ni a zaune, tsayuwa ba ta yi miki ba." Na zauna na zage shi. Ya ce da ya bar mu mun gina, da yanzu ɓaraguzai muke kwashewa, don a idonsa aka rushe wa wani lauya garejin mota a gida na goma sha bakwai. Ya sa hannu da biron zinariya. Da zan fita ya tambaye ni, tsakanina da surukina wai wa ke gudun wa. Na ce kowa na gudun kowa, shi ne zaman lafiya.

Wadda bangonta ke jingine da namu ta baya, wata Madam Atuhaire, ita kam ta ƙi. Ta fito da mukullin mota a hannu, ta karanta takardar tun daga sama har ƙasa, ta miƙo min. Ta ce, "Kaka, ba don ke ba ne. Yau ɗakin kaka ne, gobe kaka ta tafi, jibi an zuba 'yan haya suna shanya kaya a kan bangona." A gabana ta faɗi haka. Na ce mata na gode da ta ba ni har gobe. Da na juya sai takardar ta riƙa karkarwa a hannuna har na kasa naɗe ta. Abin da ya fi ci min rai, ba ƙarya ta yi ba.

Sa hannu ashirin da ɗaya na samu. An kai.

Bari in faɗa miki abin da ban faɗa wa Nanyonjo ba. Ranar Lahadi ce ta fi yi min tsawo. Mijinta yana gida tun safe har yamma, don haka in na dawo daga coci sai ɗaki. Kafintan ma ba ya buɗewa. Ni da nake ƙorafin ƙarar zarto duk sati, ranar Lahadi har marmarinta nake yi. Nanyonjo tana kawo min abinci da rana tare da Birungi, su yi awa ɗaya, ina ganinta tana satar kallon agogo, ba na ganin laifinta. Idan sun tafi sai in zauna a bakin ƙofa ina kallon saman katangarsu. A Kalisizo ni kaɗai nake, amma ban san kaɗaici ba, don in na yi tari ke kina ji, ko da wannan kunnen naki. A nan 'yata tana bayan bango, ina jin kewarta fiye da lokacin da take nisan tafiyar awa huɗu.

Ki gaishe da kowa. Ki ce da Kayemba na ji labarin kofi, zan zo mu haɗu.

Aminiyarki,
Perepetwa

Gayaza,
2 ga Yuli

Yozefina,

Ina gaishe ki da kyau, ina fatan gwiwa ta yi sauƙi, yara kuma suna lafiya. Ki yi haƙuri da shirun da na yi. Takardar nan ma kwana uku na yi ina rubuta ta, layi biyar in huta.

Kwamiti ya zauna, sun ƙi.

Na ce sai na ji da kunnena, Nanyonjo ta kai ni ofishin. Jami'ar da ta karɓe mu yarinya ce sa'ar 'yata, Nakayenga, 'yar gida ce, har ƙasa ta durƙusa ta gaishe ni. Na yi zaton tunda ta san durƙuso za ta san sauran. Ta sani kuwa, ta ce kakarta ma haka take da mijin babarta. Amma ta buɗe min taswirar ta yi min bayani dalla dalla kamar yadda nake yi wa 'yan aji uku. Kwamitinsu yana da ikon ƙaramin gyara ne kawai: a matsar da taga, a faɗaɗa ɗaki, a ƙara wani a jikin gidan. Ginin kwana na biyu a fili ɗaya kuwa ya taɓa adadin da aka auna hanya da ruwa da magudana a kansa, wannan ba gyara ba ne, sake taswira ne gaba ɗaya. Sai kamfanin da ya yanka filayen ya nema da kansa, kuma sai duk masu gida talatin da biyu sun yarda. Kamfanin ya sayar da fili na ƙarshe shekara shida da suka wuce, ofishinsa ma yanzu wurin gyaran gashi ne. Ta ce ko su tara ɗin da ke kwamitin duk jikokina ne, hannunsu bai kai nan ba.

Sai ta ce amma in ɗakin yana manne da gidan, rufi ɗaya, a sati biyu za ta sa hannu. Na dube ta, ta sunkuyar da kai.

Mai zanen ginin da su Nanyonjo suka ɗauka shi ya zo da dabara. Ya ce a gina ɗakin a inda aka so tun farko, sai a haɗa shi da gidan da 'yar rumfa, falle uku na kwano. A wurin hukuma rufi ɗaya ne, a wurinmu biyu. Yozefina, ranar na ci abinci har da ƙari. Amma irin wannan magana ba ni ke yanke ta ba, kin sani, ta gwaggon Nanyonjo ce. Aka aika Mityana aka ɗauko Nabbosa, ƙanwar mijina marigayi Yowana, wadda tun ina amarya ba ta taɓa yarda na iya dafa miyar gyaɗa ba.

Ta zo, ta zagaya bayan gidan, ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon kwano. Ta tambayi mai zanen, "In ruwa ya sauka a kan nasa, zai gangaro kan nata?" Ya ce zai gangaro, ai amfanin rumfa ke nan. Ta ce, "To rufi ɗaya ne. Ni za ku yi wa wayo, ko ruwan sama?" Mai zanen ya ce to a bar tsaga a tsakani, ko faɗin yatsa ne. Nabbosa ta ce in da tsaga ta yarda. Aka koma wurin Nakayenga, ta ce in haske yana ratsawa gini biyu ne, mai dubawa zai hau tsani ya gani. Su biyun ba su taɓa haɗuwa ba, amma bakinsu ya zo ɗaya, ni ce dai ban samu wurin tsayawa ba.

A ranar muka yi faɗa da Nanyonjo, irin wanda ba mu taɓa yi ba. Tana wanke kwanuka tana buga su. Ta ce, "Mama, cewa ake wadda ta kwana a rufin surukinta jikinta zai kama rawa. Ke kin kiyaye shekara goma sha ɗaya, ga hannunki nan yana rawa. To me ya rage kike tsoro?" Na ɗauki sandata na fito tun ƙarfe uku.

Ke zan iya faɗa miki. Ba don kaina nake tsoro ba, ni malama ce, na yarda da likita. Amma wa zai bi dangin mijinta gida gida da takardar likita? Duk wanda ya gan ni a falonsa da hannun nan, ba ni zai kalla ba, shi zai kalla. Za a ce ga mutumin da bai san kunyar surukarsa ba, dubi abin da ya jawo mata. Yana da uwa a raye, yana da ƙanne mata da ba su yi aure ba.

Ki sa ni a addu'a. Ina gaida kowa da kowa.

Taki,
Perepetwa

Gayaza,
28 ga Agusta

Zuwa ga Yozefina, aminiyata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyalinki duka. Kada ki firgita da ganin rubutun da ba nawa ba, ina nan da raina, biro ne dai ya fi ƙarfina. Na roƙi Nanyonjo ta rubuta min, da ta ji abin da ke ciki ta ce hannunta ba zai rubuta shi ba. Baban Birungi ne ya karɓa. Ina zaune a ɗakin girki, yana zaune a baranda, ƙofa a tsakaninmu a ɗan buɗe. Na ce ya rubuta duk abin da ya ji, kada ya gyara, kada ya rage.

Farkon watan nan na faɗi a banɗakin gidan haya. Ban karye ba, amma na daɗe a ƙasa kafin kafintan ya ji kirana. Aka kai ni asibiti, aka dawo da ni gidan Nanyonjo, aka kwantar da ni a ɗakin Birungi. Na ce ba zan kwana ba. Nanyonjo ta ce in kwantar da hankalina, baban Birungi ya yi tafiya, aiki ya kai shi Mbale. Na yarda. Kwana goma sha tara na yi a gidan, ina jin motsin 'yata a ɗaki na kusa, jikata tana zuwa da safe ta hau min ciki. Ba zan ɓoye miki ba, rabona da irin wannan daɗin tun Yowana na da rai.

Birungi ce ta tona su. Muna karyawa ta tambaye ni me ya sa babanta yake zaune a ɗakina na bayan shagon kafinta, shi kuma ba kaka ba ne. Ashe babu wani Mbale. Mutumin nan ya kwashi rigunansa ya koma ɗakin hayata, daga can yake tafiya aiki, a bakin titi yake tsayawa a kai masa 'yarsa ya gan ta. Gidan da ya yi shekara bakwai yana ginawa. Da na ritsa Nanyonjo sai ta ce shawararsa ce, kuma ya ce a haka za a ci gaba, shekara nawa ne Allah ya ba ni.

Biron ya tsaya, ina ji. Rubuta, ɗana, ban gama ba.

Yozefina, ban zo garin nan don in fitar da mutum daga gidansa ba. Ni na san yadda ɗakin nan yake ranar Lahadi. Kuma maganar da nake gudu ta riga ta fara. Wata 'yar'uwar babarsa ta zo duba ni, ta ga kofin shayi yana ƙara a hannuna, ta dubi silin, ta tambaye ni kwana nawa na yi a gidan. Ko shayinta ba ta shanye ba.

Okurut ya zo shi ma, ya ce akwai ɗaukaka ƙara, akwai kuma hanyar da ƙungiyar mazauna za ta tsaya a madadin kamfanin, in an samu hannun mutum talatin da biyun. Na tambaye shi shekara nawa. Tsohon nan ba ya ƙarya, ya ce uku in an yi sa'a. Na ce su ci gaba in suna so, wata tsohuwar za ta mora.

Don haka ina tafe ranar Asabar ta sama. Ki sa a buɗe min taga ɗakin ya sha iska. Matar Kayemba ta taɓa cewa ƙanwarta bazawara tana neman wurin zama, ki yi mata magana, ta ɗauki ɗakin gaba, mu riƙa jin motsin juna. Nanyonjo ba ta yi min magana tun shekaranjiya, amma na ga ta sayo magungunan wata shida ta jera a akwatina. Za ta huce, ni na haife ta.

Abu ɗaya nake roƙonki. Ke ce kika ga tukunyar nan ta faɗi, wata uku kafin in taka Gayaza. Duk wanda ya tambaya, a coci ko a kasuwa, ki faɗa masa haka, ki ɗaga murya kamar yadda kika saba. Ki ce Perepetwa ta ce ba ta haifi ɗa namiji ba, amma abin da mijin 'yarta ya yi mata, ba ta ga ɗan da ya yi wa uwarsa ba. Ban taɓa samun hanyar faɗa masa ba, to yanzu ya rubuta da hannunsa.

Ya ce shi zai kai ni. Na ce awa huɗu a mota ɗaya ba zai yiwu ba, motar haya zan hau. Ya ce to zai biyo mu a baya da tasa, ya ɗauko akwatin. Idan kin ga mota biyu sun tsaya a bakin hanyarmu, ta bayan ce tasa. Ki fito ki tare shi, ki ba shi ruwa, ki dube shi da kyau. In ya tafi ki zo ki faɗa min ko ya rame, don ni ba zan iya dubawa ba.

Ina gaida yara, da Fada, da matan Alhamis. Allah ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
Perepetwa Nambalirwa